"Ka Bar Shinkafa, Ka Koma Alkama": Shawarar Da Ba Ta Rage Wa Mai Ciwon Suga Ƙiba

Idan ka taɓa raka wani asibiti a Haɗejia aka ce masa sugansa ya hau, ka san abin da ke biyo baya. Kafin ya kai gida ya samu likitoci goma: maƙwabci, abokin majalisa, mai kemis, da 'yar'uwar da ke turo saƙon WhatsApp daga Kano. Duk bakinsu ɗaya: ka bar shinkafa, ka koma alkama. Mai hali a ce masa ya nemi acca. In yana da tumbi kuma a haɗa masa da shayin rage ƙiba.

Wani kawuna ya bi wannan shawara sau da ƙafa. Buhun alkama ya saya, aka ware masa tukunyarsa daban, kullum dare manyan malmala biyu. Shekara ta zagayo, nauyinsa na nan, awon sugansa na nan. Da na ce masa, "Kawu, ai alkamar ma suga take komawa a jiki," sai ya dube ni kamar na yi saɓo. "To ɗan nan, me ya rage in ci?" Tambayarsa tana kan hanya. Shawarar da aka ba shi ce ba ta kan hanya.

Shinkafa, alkama, gero, dawa, masara da acca duk dangin juna ne. A busasshiyar ƙwayar kowanne, wajen kashi bakwai zuwa takwas cikin goma sitaci ne, sitaci kuwa hanji yana farfasa shi ya koma suga ya shiga jini. Gaskiya ne alkamar da ba a cire wa dusa ba ta fi farar shinkafa harza, kuma harza na da amfani. Amma da zarar an kai ta inji an niƙe ta luƙui an tuƙa tuwo, an sauƙaƙa wa hanji aikinsa, suga ya hau da sauri kusan yadda yake hawa bayan cin burodi. Shinkafarmu 'yar gida da ake turarawa kafin a casa, wadda ake ta zagi, tana cikin shinkafar da ba ta saurin ɗaga suga kamar sauran farare. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Na fahimci dalilin da shawarar ta samu karɓuwa a wajenmu. Alkama a ƙofar gida take. Daga Auyo zuwa Kafin Hausa ana nomanta da rani, kuma a Haɗejia aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a Nuwamban 2023. Shawara ce mai sauƙin bayarwa, ba ta kuma hana kowa ƙoshi. Aibinta ke nan. Mutum ya ɗauka abin da ke gabansa magani ne, sai ya ƙara malmala da zuciya ɗaya. Ba wanda ya yi masa maganar yawan abin da yake ci, alhali a nan gizo ke saƙar.

Duba binciken da ya fi kowanne tasiri a wannan fanni, mai suna DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka jagoranta a Birtaniya, sakamakonsa ya fito a mujallar Lancet a ƙarshen 2017. Sun ɗauki masu ciwon suga nau'i na biyu kusan 300, suka raba su gida biyu. Rabi suka ci gaba da kulawar da aka saba. Sauran aka tsayar musu da magungunan suga ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, aka ɗora su kan wani abin sha da aka auna, kalori 850 ko ƙasa kaɗan a rana, wato bai kai rabin abin da baligi ke ci ba, tsawon wata uku zuwa biyar. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin 100 na waɗannan sugansu ya sauka ƙasa da mizanin ciwon ba tare da magani ba. A ɗaya rukunin, kashi 4 ne kacal.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda sakamakon ya bi kilo. Waɗanda suka ƙara nauyi, ko mutum ɗaya bai samu wannan sauƙi ba. Waɗanda suka rage kilo 5 zuwa 10, kashi 34. Waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86. Bayanin Taylor shi ne kitse yana taruwa a hanta da kuma fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ya dagula aikinsu. In kitsen ya ragu, gaɓoɓin na iya farfaɗowa. Babu wani hatsi mai albarka a cikin labarin. Nauyin da ya sauka ne ya yi aikin.

To amma kada ka yi saurin ɗaukar DiRECT ka dasa a Kirikasamma. Masu yaɗa shi a intanet ba sa faɗin cewa waɗanda aka gwada a kansu kusan duk Turawa ne, masu ƙiba sosai, ciwon bai kai shekara shida a jikinsu ba, kuma ba mai allurar insulin a cikinsu. Abin shan an haɗa shi da sinadaran da jiki ke buƙata, ba koko ba ne. Sannan riƙe nasarar ya fi samunta wuya: a shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36, a ta biyar kuma kashi 13 ne na waɗanda aka ci gaba da bibiya. Ciwon lafawa yake yi, in nauyi ya dawo shi ma ya dawo. Duk mai ce maka ya warkar da suga har abada, riƙe kuɗinka.

Akwai ma tambayar da ta riga wannan: kai ɗin, rage ƙiba ya kamace ka? Je ka layin masu suga a kowane asibiti a Jigawa ka ƙirga ramammu. Yawancin shawarwarin da ke yawo an rubuta su ne don ƙasashen da mai suga da mai teɓa kusan abu ɗaya ne. A nan ba haka ba ne. A Afrilun 2025 ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun ƙuruciya, wanda ke kama siraran mutane da jikinsu ba ya samar da isasshen insulin. Irin wannan mutum in ka ce ya rage ci, ka cuce shi. Haka wanda yake ramewa ba da niyya ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsari: wannan ba nasara ba ce, suga ne ya yi yawa har jiki na zubar da shi. Asibiti ya kamata ya nufa. Gwaji mai sauƙi a gida: ka auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai saman cibiya. In ba ta haɗu ba, kana da kitsen cikin da ya kamata a rage.

In ta tabbata kana da shi, abin da zai zaɓa maka hanya shi ne maganin da kake sha, kuma wannan ne saƙonnin WhatsApp ba sa taɓa tambaya. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa da kima. Amma glibenclamide, wanda mutane suka fi sani da Daonil, da allurar insulin, aikinsu suke yi ko ka ci ko ba ka ci ba. Ka ɗauki manomi a fadama cikin zafin Afrilu, ya sha ƙwayarsa da safe, ya tsallake karin kumallo saboda wani bidiyo ya ce a yi awa 16 ba ci, yana ban ruwa. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ruɗewa, wani har suma, ga shi a bakin ruwa. Wannan ba hasashe ba ne: binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, kan mutum fiye da 12,000 a ƙasashe 13, ya gano cewa mummunar faɗuwar suga ta ninka sau bakwai da rabi a watan Ramadan ga masu nau'i na biyu. Shi ya sa likitoci ke gyara yawan magani kafin azumi, suke kuma cewa in awo ya sauka ƙasa da 70 a sha ruwa nan take. Tsarin keto, na barin hatsi gaba ɗaya, yana da irin wannan haɗarin, kuma ga masu shan empagliflozin ko dapagliflozin yana iya sa jini ya yi tsami, abin da ke kai mutum gadon asibiti. Balle ma a ce wa Bahaɗeje ya bar tuwo har ƙarshen rayuwarsa. Sati nawa zai yi?

Shayin rage ƙiba ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Da yawansu filasko ne, gudawa suke sawa, ruwa ke fita ba kitse ba, mai suga kuma ƙodarsa ba ta son bushewa. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashen waje da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Allurar Ozempic kuwa tana aiki da gaske, ba na musu. Sai dai tsadarta, da buƙatar firji kafin a fara amfani da ita a garin da wuta sai an ga dama, da jabunta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai a Yunin 2024. Waɗanda suka daina ta a wani gwaji, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo cikin shekara guda.

Abin da na ce wa Kawu ba shi da armashi, shi ya sa ba ya yawo a waya. Ya koma tukunyar gida, ya ci malmala ɗaya maimakon biyu, miyar kuka ko kuɓewa ta fi tuwon yawa. Shinkafa ta zama rabi wake. Kifi kuwa Allah ya hore mana shi a kasuwar Haɗejia. Banda ko gasasshe ya fi soyayye, don cokalin mai babba ɗaya kalori 120 ne, kuma ba wanda ke ƙirga shi. Lemon kwalba na roba ɗaya yana ɗauke da suga fiye da ƙaramin cokali goma, ga na mai shayi safe da dare. Ko kashi biyar cikin ɗari na nauyi mutum ya zubar, kilo huɗu ga mai kilo 80, ana ganinsa a awon suga da na hawan jini.

Kafin ya canza komai sai da muka kai wa likitansa kwalayen magungunansa, aka rage masa ƙwayar safe, aka ce ya riƙa awo sau biyu a mako. Wata shida ya zubar da kilo huɗu, yana nan yana shan metformin ɗinsa. Ragowar buhun alkamar an yi alkaki da shi a bikin 'yarsa. Ya ce ɗaya ya ci. Matarsa ta ce uku.