Sarki Hirudus da Dariyar Jama'a

A yawancin ikkilisiyoyin ƙasar Hausa, daga Wusasa ta Zariya har ƙauyukan Malumfashi, bikin Kirsimati ba ya cika sai matasa sun yi wasan haihuwar Almasihu. Akan ture bencina gefe, a rataya zannuwa biyu a igiya su zama labule, a aro babbar riga da rawani wurin wani dattijon ikkilisiya. Mafi yawan 'yan wasan nan ba su taɓa tsayawa gaban taro ba, wannan shi ne karonsu na fari.

Rashin sabon nan ba kullum yake zama aibi ba. Yarinyar da aka sa ta fito Maryamu muryarta takan yi rawa in mala'ika ya tsaya gabanta, rawar muryar kuwa ta dace da budurwar da aka kawo wa irin wannan saƙo. Makiyayan kuma yara ne da suka san kiwon awaki, sun san riƙon sanda da kwana cikin sanyin hunturu. Ba su da rubutaccen wasa, da Hausarsu ta gida suke magana. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba takan koma gida da labarin a ranta, gama gani ya kori ji.

Inda wasan yake ɓaci shi ne wurin Sarki Hirudus. An saba ba da wannan matsayi ga yaron da ya fi kowa barkwanci. Yakan shigo da tsoro kamar sauran, amma da ya buɗe baki jama'a suka tuntsire da dariya, sai tsoron ya gudu, daɗin dariyar ya hau masa kai. Daga nan ya tusa matashin kai cikin riga ya yi tumbi, ya riƙa faɗowa daga kujera. Sojojinsa kuma su ɗauki Hausar bariki irin ta Samanja Mazan Fama, wadda marigayi Usman Baba Pategi ya yi suna da ita a talabijin.

Yi wa mai mulki ba'a cikin wasa ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe. A wasan gauta akan kwaikwayi sarki da fadawansa, haka yara sukan kwaikwayi manya a tashen watan azumi. Ba zunubi ba ne a yi wa azzalumi dariya. Amma labarin da ke cikin Matiyu sura 2 ya kai ga kisan yara maza na Baitalami, daga masu shekara 2 zuwa ƙasa. Sau da yawa akan iso wurin nan jama'a suna share hawayen dariya, sojoji suna guje-guje da takubban kara, iyaye mata na wasan su ma suna ƙyalƙyala cikin kukansu. Alhali kuwa a cikin masu kallo da wuya a rasa macen da ta binne jaririnta a shekarar. Wurin da ya kamata ta ji cewa Allah ya san baƙin cikinta, nan ne aka mai da shi abin ban dariya.

Laifin ba na yaron ba ne, na masu shirya shi ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wasan koyarwa yana bukatar mai riƙe masa linzami. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa a 1949 domin 'yan makaranta, da nufi guda, wato koyar da tsabta. A 1977 kuma, da 'yan wasan Jami'ar Ahmadu Bello suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, sun zauna da manoman sun tattauna abin da aka nuna. Ikkilisiya ta fi kowa dalilin yin haka.

Ya kamata malamin da ke kula da matasa ya karanta musu sura ta 2 ɗin duka kafin a raba matsayi. Ya faɗa wa mai fitowa Hirudus tun da wuri cewa dariya za ta zo, za ta kuma yi masa daɗi, ya nuna masa inda za ta tsaya. Ya yi barkwancinsa sa'ad da masana taurari suke gabansa. Amma da zarar ya gane sun bi wata hanya sun tafi, sai ya ɗaure fuska, ya rage murya, ya ba da umarnin kisan a hankali, ya jira har majami'a ta yi tsit kafin a ja labule.