Samanja Mazan Fama da Hausar Bariki

A cikin watan Nuwamba na 2023 Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa. Ko'ina aka ba da labarin, sai an haɗa da sunan Samanja, watau sunan da ya fito da shi a wasan nan na talabijin, Samanja Mazan Fama. Amma abin lura shi ne, sunan kaɗai ya saura a bakin jama'a. In an ambace shi gaban dattijo sai ya yi murmushi, watakila har ya kwaikwayi muryar. In kuwa aka ce ya ba da labarin wasa guda tun daga farko har ƙarshe, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Samarin yanzu da dama ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Talabijin ta fara aiki a Kaduna cikin 1962, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, sa'an nan cikin 1977 aka tattara tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA. Tun cikin shekarun 1970 Samanja ya kafu a Kaduna, ya kuwa daɗe ƙwarai. Yana da 'yan'uwa a fagen: Karambana na Ƙasimu Yero, wanda ya rasu cikin 2017, da Karkuzu na Bodara a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano. A lokacin akwatin talabijin ba kowane gida ke da shi ba, saboda haka yaran unguwa su kan cika tsakar gidan mai shi tun kafin a fara. Yaya aka yi abin da ya tara jama'a haka, mako bayan mako, ya sulale daga zukata?

Amsar da a kan bayar ita ce finafinan Kano ne suka ture shi, tun daga Turmin Danya na 1990. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya girmi Samanja, shi ma a rediyo ya fara, ga shi kuwa har yanzu ɗalibin Hausa ya san shi, domin an buga shi littafi cikin 1960 ya shiga makarantu. Wasannin talabijin na wancan zamani galibi ba a rubuta su kalma kalma ba. A kan tsara ƙashin labari, a gaya wa kowa matsayinsa, sauran magana kuwa ta fito daga bakin ɗan wasa nan take. Kaset ɗin ɗauka yana da tsada, don haka tashoshi su kan share tsohon shiri su ɗora sabo a kansa. (Wannan ba halin Afirka kaɗai ba ne, BBC kanta ta yi ta share shirye-shiryenta har wajen ƙarshen shekarun 1970.)

Akwai kuma dalilin da ke cikin ginin wasan kansa. Samanja na wannan mako shi ne na makon jiya: ga fankama, ga tsawa, ga tsare doka, rigima ta taso, a warware ta kafin lokaci ya cika. Babu dogon labarin da ke tafiya zuwa wani ƙarshe da za a riƙe. Mai karatu zai ce ai Gizo ma ba ya sake hali. Haka ne, amma tatsuniya ana ɗaukarta a kai wani gari, kowace tsohuwa ta faɗe ta da bakinta, ba ta rage kome ba. Daɗin Samanja a harshen mutum guda ya ke. In aka cire harshen, abin da ya rage ɗan kaɗan ne.

Harshen nan shi ne Barikanci. Tun zamanin Turawa Hausa ce a ke magana da ita a rundunar soja, alhali sojoji da yawa ba Hausawa ba ne. A bariki suka koye ta, suka sauƙaƙa ta gwargwadon bukatarsu. Bambancin namiji da mace ya kan faɗi, a ji soja ya ce “matana ya zo” a maimakon “matata ta zo”. Baƙaƙen nan masu ƙugiya su kan koma 'yan'uwansu marasa ƙugiya, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. Tsawon wasali da karin sauti su kan rikice. Ga kuma kalmomin aro na aikin: saje, kofur, hafsa, fareti, gadirum, har da samanja kanta, wadda ta fito daga sunan muƙamin a Turanci. Pategi Banufe ne, ya kuma yi aikin soja da kansa, saboda haka ba daga nesa ya jiyo maganar ba.

A nan gwanintarsa ta ke. Dariyar da Bahaushe ya saba yi wa mai gurguwar Hausa tsohuwa ce, mai arha kuma, ta cika labaran Bagwari da Bamaguje. Samanja ya juya ta. Mai gurguwar Hausar shi ne mai iko a wurin, shi ke ba da umurni, sau da yawa kuma shi ke da gaskiya. Mai kallo ya kan fara da yi wa bakinsa dariya, ya ƙare yana goyon bayansa. A tuna kuwa an gama yaƙin basasa cikin 1970, soja ne ke mulki har 1979, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Mutumin da a ke kauce wa a kan hanya, shi ne aka kawo tsakar gida a ke yi wa dariya ba tare da tsoro ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma abu ne na lokacinsa, wanda bai rayu a lokacin ba da wuya ya ji nauyinsa.

Ba za a rufe ido ga aibinsa ba. Tashar gwamnati ce, wayar da kan jama'a na cikin aikinta, don haka a kan ji wa'azi ya leƙo ta bayan raha, wani lokaci ma ya danne ta. Maganar da ba a rubuta ba kuma ta kan ja tsawo, a yi ta maimaita abu guda.

Ga mai nazarin harshe hasarar ta fi ta mai kallo girma. Barikanci ba shi da marubuta, masu jinsa ba su ɗauke shi abin rubutawa ba. Lalle ɗan wasa ya kan ƙara gishiri, ba za a ɗauki kowace jimlarsa a ce haka a ke faɗi a bariki ba. Duk da haka muryar wanda ya san abin daga ciki, an ɗauke ta shekara da shekaru, shaida ce wadda samun irinta ke da wuya. Kaset kuwa yana lalacewa a ajiye, na'urorin kunna shi suna ƙarewa. Wanda zai juya abin da ya tsira zuwa takarda zai tarar daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali nan ne rabin Barikancin ya ke. Tilas ya sa musu alama, ya kuma hana hannunsa gyara “ya” ta koma “ta”.