Kalmomin Tauhidin Kirista a Bakin Ɗaliban Lafiya: Tsokaci a kan Aro da Ƙirƙira

1.0 Gabatarwa

Garin Lafiya, wanda ya zama babban birnin Jihar Nasarawa a shekarar 1996, mahaɗa ce ta al'ummu da dama, kamar Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, ita ce kuma ke haɗa da yawansu a majami'a. To amma matashin da ya bar Lafiya zuwa kwalejin tauhidi ta Bukuru, wadda aka kafa a 1959, ko ta Kagoro, da Ingilishi zai yi karatunsa, a haɗa masa da Girkanci da Ibrananci. Ran da ya dawo ya hau mumbari, da Hausa zai yi wa'azi. Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da yake tararwa a wannan gaɓa, domin a ga ko suna iya ɗaukar nauyin da aka ɗora musu.

2.0 Gadon Masu Fassara

Kusan dukkan waɗannan kalmomi daga hannun masu fassara suka fito. J.F. Schön ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857, da Sabon Alkawari a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin, sannan aka sake wata fassarar a 1979. Masu fassarar sun tarar da harshe wanda Musulunci ya riga ya shimfiɗa wa kalmomin addini, sai suka ɗauki wasu, suka kauce wa wasu. Sun riƙe Allah da annabi da mala'ika da zunubi da tuba da Almasihu, amma sun zaɓi Yesu a maimakon Isa, da bangaskiya a maimakon imani.

A ganinmu bangaskiya ita ce mafi nasara a cikinsu. Ginin ta na Hausa ne tsantsa, irin na ban-kwana da ban-ruwa da ban-tsoro, don haka ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san cewa ba da gaskiya ake nufi.

3.0 Inda Gizo ke Saƙa

Matsalar ta fi fitowa a kalmar alheri, wadda aka fassara kalmar Girkanci haris da ita. A wasiƙun Bulus, haris kyauta ce da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba, kuma ba a iya biyan ta. Shi kuwa Bahaushe, alheri a wurinsa abu ne mai komowa. Shi ya sa yake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Biki da gudummawa duk a kan wannan fahimta suka ginu: ka yi mini yau, in yi maka gobe. Saboda haka mai sauraro a Lafiya yana iya jin wa'azin ceto ta wurin alheri ya fita da ma'anar ramuwa, wadda ita ce ainihin abin da Bulus yake kore wa. Ba mu ce a jefar da kalmar ba, domin da wuya a sami wadda ta fi ta. Abin da muke cewa shi ne tana bukatar sharhi, kuma a kwaleji ya kamata a koyi yin sharhin.

Haka ma alkawari. A Galatiyawa 3:17 Girkanci ya kawo kalmomi biyu a aya ɗaya, ɗaya tana nufin yarjejeniya mai ƙulli, ɗaya kuma tana nufin faɗar abin da za a yi wa mutum. Kalmar da Bahaushe ya saba da ita ga duka biyun ɗaya ce, sai dai mai wa'azi ya yi dogon bayani kafin hujjar Bulus ta fito. Ita kuwa baratarwa, ba a jin ta a kasuwa ko a gidan biki. Ta zama kalmar cikin littafi kawai.

Abin mamaki ma shi ne sunan fannin kansa. Tauhidi a Larabci kaɗaita Allah yake nufi, kuma a zaurukan malamai sunan wani fanni ne takamaimai. Kiristocin Arewa sun faɗaɗa ma'anarsa ya ƙunshi dukkan nazarin addini, har da koyarwar Triniti, wadda malaman zaure ba za su sa ta ƙarƙashin wannan suna ba. Ga masanin ilimin ma'ana wannan faɗaɗawa kyakkyawan misali ce. Ga ɗalibin da zai zauna da maƙwabcinsa Musulmi a Lafiya kuwa, kowannensu zai furta kalmar yana nufin abin da ɗayan bai nufa ba, kuma darasin da aka ba shi da Ingilishi bai shirya shi ga wannan zama ba.