WA YA MIƘA MATA WAYAR?

Yau da ɗan zafina na zo, don haka duk wadda maganar ta sosa wa rai ta daure ta kai ƙarshe kafin ta yanke mini hukunci.

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta faɗo mini gida ko sallamar kirki babu, tana ta huci. Wai ta kama 'yarta mai shekara 12 cikin dare, ƙudundune a bargo, tana karanta wani labari a waya, wanda ita kanta uwar sai da ta ji kunyar haɗa ido da yarinyar. Ta ce, "Maman Ummi, ku marubuta ku ji tsoron Allah, kun gama lalata mana 'ya'ya!" Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, sai da ta huce sannan na ce, "Yaya, wayar ta wace ce?" Ta ce tata ce. Na ce, "To wa ya biya kuɗin shiga zauren WhatsApp ɗin da ake turo labarin?" Sai ta yi shiru tana murza gefen zani. Ashe ita ce ta biya. Ita ke karantawa da rana, yarinya ta ɗora da daddare.

Ni dai ba zan wanke mu marubuta ba, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari. Na karanta irin waɗannan labarai na waya, kuma wallahi da yawansu ba su cancanci a kira su littafi ba. Labarin ɗaya ne kullum, attajiri mai girman kai da 'yar talaka kyakkyawa, kafin shafi na uku an rufe ƙofar ɗaki an shiga da mai karatu ciki. Babu darasi, babu Hausa mai daɗi, sai gasar wadda za ta fi wata rashin kunya don masu biya su ƙaru. Sannan a rubuta a sama wai "na matan aure ne kawai", kamar waya ta san mai aure da marar aure.

Ku duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ya fito a 1990. Labarin magidanci ne da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa saboda matar banza. Magana ce mai ɗaci, amma an faɗe ta yadda uwa da 'ya za su karanta su yi hira a kai. Ashe ana iya taɓa kowace matsala ba tare da an tuɓe wa mutane zani ba.

To amma fa laifi tudu ne. Mun iya cewa gwamnati ta ɗauki mataki, alhali gwamnati ta gwada nata. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007, ina 'yar sakandare, har ƙona littattafan soyayya aka yi a Kano. Sai me? Littafin da aka ƙona na takarda ne, yana da sunan marubuci da wurin sayarwa. Na yau ba shi da kanti, ba shi da bango, ƙarƙashin filo yake kwana. Wace hukuma ce za ta shigo ɗakinki ƙarfe ɗayan dare ta ɗaga bargon 'yarki? Ke ce hukumar.

Su kansu masu TikTok da Facebook dokarsu ta ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada a ɗora shi a gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ƙasar Ostareliya ma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin waɗannan wurare. Mu kuwa yaro na fara kuka sai mu danna masa waya don mu samu mu ƙarasa tuwo, har muna alfahari wai ya fi mu iya latsa ta.

Ba na ce a fasa waya ko a sayar da talabijin ba, wanda aka hana a gida zai gani a maƙwabta. Abin da nake cewa shi ne, ki sa wa wayarki makulli, kuma ta kwana a ɗakinki. Fim ɗin da za su kalla, na Hausa ne ko fassarar Indiya, ki zauna ku kalla tare, in an zo wurin da bai dace ba ki canza, ki kuma gaya musu dalili. Littafin da zai shiga hannun 'yarki ki riga ta karantawa. Ki saya mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ki dawo da tatsuniyar bayan isha'i. Maigida ma ki tuna masa cewa sayo waya da zuba data ba shi ne ƙarshen aikinsa ba. Uwa uba, abin da ba ki so 'yarki ta karanta, ke ma ki goge shi, domin yaro abin da ya gani yake kwaikwayo, ba abin da aka faɗa masa ba.

Maƙwabciyata dai ta fita daga zauren nan a gabana, ta tashi jiki a sanyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar da za a tambaye mu a kanta, amin.