«Banco», «dur» da «sans bois»: sharhi a kan kalmomin da ake auna ginin ƙasa da su, da misalai daga Madarunfa

0. Gabatarwa

Manufarmu a wannan ƴar maƙala ita ce mu yi sharhi a kan wasu kalmomin faransanci da suka mamaye rubuce-rubucen da ake yi game da gidaje a Nijar, tun daga takardun ƙidaya har zuwa rahotannin bayan ambaliya. Kalmomin su ne «banco», da «dur» tare da ƙanensa «semi-dur», sai kuma «construction sans bois». Mun ɗauki misalanmu daga gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, inda fadamar gulbi da jigawa suke maƙwabtaka, wanda ya sa tilas magini ya san halin kowacensu. A ganinmu, waɗannan kalmomi suna yanke wa ginin ƙasa hukunci tun kafin a duba shi, kuma suna shafe bambance-bambancen da ƙarkon gida ya dogara a kansu.

1. Banco

Kalmar «banco» ba ta Hausa ba ce. Galibi ana danganta ta da harsunan Mande, inda take nufin ƙasa, kuma faransancin mulkin mallaka ne ya yaɗa ta. A bakin ma'aikaci, ita ce ƙasar da aka haƙo, ita ce kwaɓin, ita ce tubalin, ita ce yaɓen, har ma gidan gaba ɗaya. Maginin Madarunfa kuwa ba ya haɗa su. Da farko yana rarrabe ƙasar kanta:

(1) laka, yumɓu, jar ƙasa, rairayi, birji

Lakar fadama tana da danƙo amma tana tsagewa idan ta bushe. Ƙasar jigawa ba ta tsagewa amma ba ta riƙo. Aikin magini shi ne ya san yadda zai cakuɗa su, da yawan ciyawa ko ƙaiƙayin da zai zuba, da kwanakin da zai bar kwaɓin ya jiƙa. Sa'an nan kowane mataki yana da aikatau nasa:

(2) kwaɓa, gina, yaɓa, daɓe, baibaya

Haka nan abin da aka gina: shigifa mai kusurwa huɗu da rufin ƙasa daban take da kago mai jinka, rufewa kuma daban take da rumbun kara. Bargery (1934) ya tattara da yawa daga cikin irin waɗannan kalmomi, har da alamar yankin da ake faɗinsu. Ke nan ba rashin kayan aiki ne ya sa aka tsaya ga «banco» ba.

Wani zai ce ai wannan ƙorafin masu nazarin harshe ne kurum. To, a dubi abin da ke faruwa bayan ruwa mai yawa. A daminar 2024 jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wahala, kuma a watan Satumba na shekarar ne tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe. Idan aka rubuta cewa gidaje kaza «en banco» sun faɗi, mai karatu zai ɗauka laifin ƙasa ne. Amma ɗakin ƙasa yakan faɗi ta hanyoyi dabam-dabam: ko ruwa ya kwanta a gindin bango ya ci harsashi, ko indararo ya toshe rufi ya sha ruwa ya yi nauyi, ko an yi shekaru ba a yi yaɓe ba. Kowane ciwo da maganinsa, kalma guda kuwa ba ta nuna ko ɗaya. Tarihin Maraɗi ma ya isa shaida: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari ne domin yana cikin kwari, kuma maganin da aka yi shi ne komawa bisa tudu.

2. Dur, semi-dur

A nan ne hukuncin ya fito fili. Idan siminti da ƙarfe da tol su ne «dur», har ana kiransu «matériaux définitifs», to ƙasa ta zama ta wucin gadi ke nan, matakin da talaka yake jira ya haye. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, ita ma ta wucin gadi ce bisa wannan ma'auni. Haka masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma sami kyautar Aga Khan a 1986.

Mu lura da wani abu na nahawu. «Définitif» yana kallon gida a matsayin aikin da aka gama, kamar mu ce «an gina». Ginin ƙasa kuwa ya fi dacewa da lokaci mai ci: «ana yaɓe», «ana gyara», kowace shekara kafin saukar damina. Ƙarkonsa yana cikin wannan maimaici, da sanin makuba ta kwasfar ɗorawa, da katsin marina. Inda matasa suka tafi cin rani ba su dawo da wuri ba, ko marina ta mutu, gidan zai raunana ko da ƙasar ba ta sake ba.

«Semi-dur» ya fi ba mu damuwa, domin sunan yana sa a zaci an yi rabin tafiya zuwa ga inganci. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne bangon ƙasa da aka shafe da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa ba a gani.

3. Sans bois

Wannan kalma tana da uzurin da sauran ba su da shi, domin matsala ta gaske ce ta haife ta. Rufin shigifa yana cin itace. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kusan mita biyu sai da dabara, kuma manyan dazuzzukan giginya na Nijar suna can Dallol Mauri, wajen Gaya. Dajin Baban Rafi na Madarunfa kuwa ya daɗe yana ciyar da murhunan Maraɗi. Dabarar rufi ba da itace ba, ƙungiyar Development Workshop ce ta fara gwada ta a Cikal, yankin Filinge, a 1980. Asalinta daga Nuba ne, ta hannun Hasan Fathi na Masar, wanda littafinsa ya fito da faransanci a 1970 da sunan «Construire avec le peuple». Ana jera ƙananan tubala a karkace, suna jingina da bangon ƙarshe, har rufin ya haɗe ba tare da makari ba. Ba mu da ja da amfanin wannan aiki.

Inda muke da magana shi ne sunan. Ya ambaci abin da aka cire, bai faɗi yadda rufin yake tsayuwa ba, don haka mai fassara zuwa Hausa sai ya laluba abin da ya sani. Kalma mafi kusa ita ce bakan gizo, kuma nan ne haɗarin yake. Bakan gizon Hausa, irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, azara ce ƙashinsa: ana ɗora ta hawa-hawa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Rufin Nuba ba shi da ƙashi; nauyinsa yana tura bango waje, don haka yana bukatar bango mai kauri da ma'auni daidai. Maginin da aka gaya wa cewa wannan «bakan gizo ne ba azara» zai iya ɗora shi bisa bangon shigifa da ya saba, bangon kuwa ya buɗe.

Kalmar ƙubba ma ba ta tsira ba. A kunnen Bahaushe tana tafe da ƙamshin hubbare, kuma a garin da ya shahara da kaburburan waliyyai 99 a kewayen tafkinsa, ba ma zaton maigida zai yi murna a ce ya kwana cikin ƙubba. (An ba da labarin irin wannan ƙyama ga mutanen Gurna da Fathi ya gina wa gidaje.) Maginan Hausa suna da kalmar tuluwa ga rufi mai tudu, kuma ba ta ɗauke da wannan nauyi. Muna ba da shawarar a gwada «tuluwar tubali» ga mai kewaye, «bakan tubali» ga mai tsawo, a bar bakan gizo ga mai azara. Gwajin kuwa a bakin maginan Madarunfa da Dan Isa da Gabi ya kamata a yi shi, a wurin aiki, a ga wadda za su riƙe idan suna kiran yaron da ke miƙo musu kwaɓi.