Luis Tiant, Mai Jifan da Ke Juya wa Abokin Gaba Baya

Duk yaron da ya taɓa gadin shinkafa a fadamun Kende ya san ƙarfin hannu kaɗai ba ya korar jan-baki. Sai ka san daidai lokacin da za ka saki igiyar majajjawa. Wannan sanin ne ya ɗaukaka Luis Tiant, ɗan ƙasar Kyuba, a wasan besbol na Amurka.

A wasan, mai jifa yana tsayawa mita 18.44 daga mai riƙe da kulki, ƙwallo kuwa kan iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Mai kulki ba shi da sararin tunani. Hannun mai jifa yake zuba wa ido, daga nan yake hasashen inda ƙwallo za ta biyo.

An haifi Tiant a Marianao, gefen Habana, a 1940, kuma jifa gadonsa ne, don sana'ar mahaifinsa ke nan. Da gudun ƙwallo ya fara suna. A 1968 ya ci wa ƙungiyar Cleveland wasa 21, a tara daga ciki ko maki ɗaya bai bari an samu ba. Sai allon kafaɗarsa ya tsage a 1970, aka yi masa kallon ya ƙare.

A Boston ya sake ɗinka sana'arsa tun daga tushe, abin da ya fi burge ni da shi ke nan. Zai riƙe ƙwallo a ƙirji yana karkaɗa ta, ya ɗaga ƙafa, ya murɗa jiki har mai kulki ya koma kallon lambar da ke bayan rigarsa. Wani lokaci ma sama yake kallo. Kafin ka ankara hannu ya ɓullo, yanzu ta bisa kai, an jima ta gefen haƙarƙari, ƙwallo ɗaya da gudu, mai bi mata tana jan ƙafa tana lanƙwasa. Mai kulki ya kai duka, iska ya doka.

Siyasa ta raba shi da mahaifinsa tun 1961, sai a 1975 shugaban Kyuba Castro ya bar iyayensa suka je Amurka. A gabansu ya hana ƙungiyar Cincinnati maki ko ɗaya a wasan farko na gasar ƙarshe ta shekarar, Boston ta ci 6 da nema. Ya ajiye ƙwallo a 1982 da nasara 229, ya rasu a Oktoban 2024.