Birnin Faris a Matsayin Tauraro: Sharhi a Kan Littafin "La Curée" na Emile Zola

Sau da yawa marubuci yakan ɗauki gari tamkar tabarma, ya shimfiɗa, ya zaunar da taurarinsa a kai, shi ke nan. Littafin da za mu duba a wannan fitowa ya saɓa wa haka, domin a cikinsa tituna da lambunan Faris su ne ke juya akalar labari.

Kafin mu shiga sharhi, ya kamata mu san tarihin wurin. A 1853 Sarki Napoleon na Uku ya naɗa Haussmann ya shugabanci yankin Seine, ya kuwa riƙe muƙamin har 1870. A tsawon shekarun nan 17 aka rushe tsofaffin unguwanni masu lunguna, aka keta manyan tituna masu layin itatuwa dama da hagu. Injiniya Alphand ya tsara lambunan shaƙatawa, irin su Bois de Boulogne da Monceau da Buttes-Chaumont wanda aka buɗe a 1867. A 1860 kuma aka haɗiye ƙauyukan gefe, gundumomin birnin suka tashi daga 12 zuwa 20.

Zola ya fara fitar da labarin a jarida a 1871, aka dakatar da shi saboda ƙorafin ya keta haddin tarbiyya, daga baya ya fito a littafi. Sunan kansa ya isa jigo: naman da maharba kan jefa wa karnuka bayan farauta. Tauraron, Saccard, ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin birni. Da ya leƙa taswirar inda tituna za su bi, sai ya riƙa sayen gidajen da za a rushe, ya kumbura kuɗin diyya. Kafin ka ce kwabo ya gina katafaren gida a bakin lambun Monceau.

Gwanintar Zola a fili take. Ya buɗe littafin da cunkoson kekunan doki na masu hannu da shuni a Bois de Boulogne, kowa ya fito a gan shi. Tun daga nan mai karatu zai gane lambun fagen nuna arziki ne. Haka kuma wurin da Saccard ya hango birnin daga tudun Montmartre yana yanka shi da gefen hannu kamar mahauci, ya wadatar wajen nuna zarinsa ba tare da marubucin ya yi wa'azi ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na farko, talakawan da aka tasa daga gidajensu kusan ba a jin muryarsu. Sai a littafinsa na 1877, "L'Assommoir", muka ga matalauciya tana gararamba a sababbin titunan. Na biyu, soyayyar Renée, matar Saccard, da ɗan mijinta Maxime ta cinye shafuka har ta so ta danne jigon. Na uku, Zola ya kau da kai daga alherin aikin. Birnin da kwalara ta yi wa ɓarna a 1832 da 1849 ya sami ruwan sha da magudanai a hannun Injiniya Belgrand. Wanda ya dogara da littafin kaɗai zai zaci ba a yi komai ba sai sata.

Duk da haka, muna ganin littafin ya ci sunansa. Darasin da ke ciki ga mai sha'awar rubutu shi ne: kafin ka zaunar da masoya a inuwar lambu, tambayi wa ya dasa itatuwan, da kuɗin wa, kuma gidan wa aka rushe. Sau da yawa labarin yana cikin amsar.